CASEY MARTIN: AN CE DOLE YA TAKA DA ƘAFA, YA CE SAI DAI A HAƊU A KOTU

Duk wanda aka ce ya ambaci sunan ɗan wasan golf guda ɗaya, wato wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu, na san Tiger Woods zai ce, don shi ne ya cika talabijin da jaridu. To amma yau ba labarinsa muka kawo muku ba. Labarin abokin karatunsa ne, wani Ba'amurke mai suna Casey Martin, wanda shekara ɗaya tak ya yi a babban rukunin ƙwararru, bai kuma ci ko gasa ɗaya a can ba, amma duk da haka sunansa ya shiga littattafan shari'a na Amurka, daga baya kuma ya zama kocin da ya kai jami'ar garinsu matsayin da ba ta taɓa takawa ba. Duk rigimar kuwa a kan ƙafarsa ta dama aka yi ta.

An haifi Casey ranar 2 ga Yuni, 1972, a garin Eugene da ke jihar Oregon, can arewa maso yammacin Amurka, inda ruwan sama ba ya jin kunyar kowa. Da ciwo ya zo duniya, wanda likitoci ke kira Klippel-Trenaunay-Weber, sunayen likitocin da suka fara bayaninsa ke nan. A taƙaice dai jijiyoyin da ya kamata su mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya ba su ƙeru daidai ba a ƙafarsa ta dama. Jini yana sauka lafiya lau, amma komowa sama ta zama aiki. Sai ya taru a ƙafar, ta kumbura, ta yi ta zogi, a hankali kuma ya riƙa cin ƙashin ƙwauri yana sirancewa. Ciwon ba ya warkewa, kullum gaba yake yi. Abin da ake iya yi masa kawai shi ne a sa wata safa mai matsewa tun daga tafin ƙafa har cinya, a kuma riƙa ɗaga ƙafar sama in an zauna.

Ke uwa mai karanta wannan, ki kwatanta a ranki. Yaro ne lafiyayye daga ƙugu zuwa sama, mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga son wasa kamar kowane yaro, amma an gaya miki ƙashin ƙafarsa zai iya karyewa a kowane lokaci, in kuwa ya karye ba lalle ya haɗe ba. Za ki kulle shi a ɗaki ne, ko za ki bar shi ya fita ki zauna da fargaba? Iyayen Casey dai barin sa suka yi ya fita. Da yake guje-guje sun fi ƙarfinsa, sai ya kama sandar golf, kuma ashe nan rabonsa yake. Kafin ya cika shekara 15 ya ci gasa 17 ta yara a jihar Oregon, a shekararsa ta ƙarshe a sakandare kuma ya zama zakaran jihar baki ɗaya.

Bari mu ɗan tsaya mu yi wa wanda bai san wasan ba bayani, don in ba haka ba rigimar da ke tafe ba za ta shiga kai ba. Filin golf yana da ramuka 18, kowane rami da nisansa. Ɗan wasa zai bugi 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, ya bi ta inda ta faɗa, ya sake bugu, har ta shiga rami. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Zagaye ɗaya tafiyar kimanin mil 5 ce, hawa da gangara, manyan gasa kuma kwana 4 ake yi a jere. Masu wasa don nishaɗi sukan hau wata 'yar motar fili, wadda ba ta wuce a-daidaita-sahu girma ba, ta kai su wurin ƙwallonsu. Ƙwararru kuwa takawa suke yi, mai ɗaukar jakar sandunansu yana biye da su.

Daga sakandare Casey ya samu gurbi a Jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya, ya karanta ilimin tattalin arziki yana kuma buga wa jami'ar wasa. A nan ƙafar ta fara nuna halinta sosai. Da abin ya yi tsanani, jami'ar ta rubuta wa hukumomin wasannin jami'o'i takarda ta roƙi a bar shi ya hau 'yar motar, suka kuwa amince ba tare da wani dogon turanci ba. A 1994 shi da abokansa, cikinsu har da Notah Begay, suka ci wa Stanford kofin jami'o'in Amurka. A ƙarshen wannan shekarar ne wani siririn yaro mai suna Tiger Woods ya shigo jami'ar, suka yi kakar wasa ɗaya tare. A 1995 Casey ya gama karatu ya shiga wasan neman kuɗi.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Hukumar da ke riƙe da babban rukunin ƙwararru a Amurka ita ce PGA Tour. A wancan zamani mai son shiga sai ya biya dala 3,000, ya kawo takardun shaida biyu, sannan ya tsallake gasar tantancewa mai mataki uku. A matakin farko da na biyu an yarda a hau mota, a na ukun ne aka ce kowa ya taka. A 1997 Casey ya tsallake biyun farko, ya rubuta takarda da bayanan likitocinsa yana roƙon a bar shi ya hau mota a na ukun. Hukumar ta ce a'a. Ko buɗe takardun asibitin ba ta yarda ta yi ba, don a ganinta ba maganar ciwo ake yi ba, maganar doka ce, kuma doka ba ta san na gida ba.

Shi kuwa yana da wata dokar a hannu wadda ta fi tasu ƙarfi. A 1990 shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce duk wurin da aka buɗe wa jama'a dole ne a yi wa mai naƙasa sassaucin da ya dace, muddin sassaucin ba zai canza ainihin abin da ake yi a wurin ba. Abin dariya ma, a jerin wuraren da dokar ta lissafa har da filin golf ƙarara. Casey ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Eugene. Alƙali Thomas Coffin ya ba da umarnin wucin gadi a bar shi ya hau motar kafin a saurari shari'ar. Bai samu babban rukuni ba a wannan karon, amma ya samu na biyu, wanda a lokacin ake kira Nike Tour. Sai ga shi a watan Janairun 1998, a gasar farko ta shekarar a Lakeland ta jihar Florida, yaron da ake gardama a kansa ya lashe kofi.

Wannan nasara takobi ce mai kaifi biyu. Masoyansa suka ce kun gani, ya iya. Masu adawa suka ce kun gani, motar ce.

A watan Fabrairun 1998 aka zauna shari'a. Hukumar ta kawo shaidar manyan dattawan wasan, Arnold Palmer da Jack Nicklaus da Ken Venturi, mutanen da Casey ya taso yana kallo kamar iyaye. Dukkansu suka tsaya a kan cewa gajiya ɓangare ce ta wasan, musamman ranar ƙarshe lokacin da ƙafa ta yi nauyi, hannu ya fara rawa, ga tarin kuɗi a gaba. Maganar Venturi ma tana da nauyi na musamman, domin shi ne ya ci gasar US Open ta 1964 bayan ya taka ramuka 36 a rana ɗaya cikin matsanancin zafi, yana tangaɗi kamar zai faɗi. Mutumin da ya sha wannan wuya in ya ce maka tafiya tana cikin wasa, ai ba ka ce ƙarya yake yi ba.

Lauyoyin Casey kuma suka kawo wani masanin aikin jiki, Dakta Gary Klug, wanda ya yi lissafi ya ce ƙarfin da mai lafiya ke ƙonawa in ya taka mil 5 cikin awa 5 bai wuce kalori 500 ba, wato bai kai abin da ke cikin burodin Big Mac guda ɗaya ba. Sannan aka zo wurin da ya fi taɓa zuciya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Casey, wanda ya saba rufe ƙafarsa da dogon wando, ya yarda aka nuna bidiyonta a kotu, an cire safar, ana kallon yadda jini ke sauka tana cika tana canza launi. Aka kuma tabbatar cewa ko da motar ma sai ya taka fiye da mil ɗaya a kowane zagaye, tunda mota ba ta zuwa bakin rami. Alƙali Coffin ya yanke hukunci ranar 11 ga Fabrairu cewa wahalar da Casey ke sha, da motar da komai, ta fi wadda masu lafiya ke sha a ƙafa. Ya ce a ba shi mota.

Hukumar, ƙarƙashin shugabanta Tim Finchem, ta ɗaukaka ƙara. Shi kuwa Casey ya ci gaba da wasa ana ta ja a kotu. A Yunin 1998 ya buga US Open a filin Olympic Club na San Francisco, ya ƙare cikin waɗanda suka yi kunnen doki a matsayi na 23, abin da ɗimbin masu ƙafa biyu lafiyayyu ba su taɓa yi ba. A 1999 ya zo na 14 a jerin masu samun kuɗi na Nike Tour, wanda ya ba shi tikitin babban rukuni na shekarar 2000. Mafarki ya tabbata, amma bai daɗe ba. Ana bukatar mutum ya ƙare cikin 125 na farko kafin ya riƙe gurbinsa, shi kuwa na 179 ya zo. Ya koma ƙasa.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2001, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin ƙarshe, alƙalai 7 suka goyi bayansa, 2 suka ƙi. Mai shari'a John Paul Stevens da ya rubuta hukuncin masu rinjaye ya ce ainihin golf shi ne buga ƙwallo ta shiga rami, tafiya ba ta cikin ginshiƙansa, kuma ita kanta hukumar ta yarda da mota a gasar dattawa da matakan farko na tantancewa. Mai shari'a Antonin Scalia, tare da Clarence Thomas, ya yi wa abokan aikinsa shaguɓe mai zafi, yana ganin abin kunya ne manyan alƙalan ƙasa su zauna suna tantance mene ne golf, alhali dokokin kowane wasa ƙirƙirarsu aka yi, masu wasan ne kuma ke da ikon cewa ga yadda suke so. Ni dai a ganina maganar Scalia ba ta banza ba ce, domin in kotu ta fara gyara dokokin wasa ba a san inda za ta tsaya ba. Sai dai tsoron da aka yi ta yayatawa, wai gobe duk mai ciwon baya zai zo da takardar likita a cika fili da motoci, bai tabbata ba. Shekaru sun shuɗe, waɗanda suka nemi wannan alfarma a manyan gasa ba su taka kara sun karya ba. Wanda aka fi tunawa shi ne John Daly, da aka ba shi mota a gasar PGA Championship ta 2019 saboda ciwon gwiwa.

Allah sarki, hukuncin ya zo ne bayan kasuwa ta fara watsewa. An ba shi mota har abada, amma mota ba ta buga ƙwallo. Ƙafar tana ƙara lalacewa, ba ya iya tsayawa atisaye na awoyi kamar abokan hamayyarsa, sakamako ya yi ta ja da baya. Mutumin da ya kayar da hukuma guda a Kotun Ƙoli ya koma yana neman gurbi a ƙananan gasa, wani lokaci a samu, wani lokaci a rasa. Wannan ita ce gaɓar da 'yan wasa da yawa ke lalacewa, don ba su san wata sana'a ba, ba su kuma yarda cewa rana ta yi yamma ba.

A watan Mayun 2006, yana dab da cika shekara 34, Jami'ar Oregon da ke garinsu ta ɗauke shi kocin ƙungiyar golf ta maza.  Kada mai karatu ya ɗauka aikin hutu ne. Kocin jami'a a Amurka rabin aikinsa farauta ce: ya bi gasar yaran sakandare jiha-jiha, ya gano mai baiwa tun bai nuna ba, ya shiga gidansu ya zauna da uba da uwa ya shawo kansu su ba shi amanar ɗansu na shekara huɗu, kamar mai neman aure. A wancan lokaci kuma guraben tallafin karatu huɗu da rabi kacal aka yarda ƙungiyar golf ta maza ta raba, don haka sai an yi ta gutsuttsura su kamar naman suna. Ga kuma babbar matsalar Oregon, wato sanyi da ruwan sama. Yaron da jami'o'in Arizona da Texas da Florida ke zawarci, inda rana ke fitowa kusan kullum, me zai kai shi garin da zai yi atisaye da lema?

Amma Casey yana da abin da sauran koci-koci ba su da shi. Duk uban da ya buɗe masa ƙofa ya san labarinsa. Kuma yaron da ya zo yana ƙorafin ruwa ya jiƙa shi, ko yatsa na masa ciwo, in ya ɗaga kai ya ga kocinsa yana ɗingishi a cikin ruwan nan tare da shi, ai sai ya haɗiye sauran maganar. A hankali ƙungiyar da ba a lissafi da ita ta fara zuwa gasar ƙasa tana wuce zagaye.

A 2012 ya yi wani abin da ya ba kowa mamaki. Da ya ji US Open za ta koma Olympic Club, filin da ya yi abin kirki a 1998, sai ya shiga gasar neman gurbi, alhali ya yi shekaru rabonsa da wasan gaske. Yana ɗan shekara 40, ya zo na ɗaya a cibiyarsu ta tantancewa a Oregon. A San Francisco ya yi atisaye tare da tsohon abokinsa Tiger, ya hau motarsa ba mai ce masa kanzil. Bayan kwana biyu aka tankaɗe, ya rasa wucewa da bugu ɗaya tak. Ya tattara sandunansa ya koma wurin ɗalibansa.

Ranar da haƙarsa ta cim ma ruwa ita ce 1 ga Yuni, 2016. A shekarar an kawo gasar jami'o'in ƙasa filin Eugene Country Club, inda Casey ya koyi wasa yana yaro. Tun da farko ɗalibinsa Aaron Wise ya ci kofin mutum ɗaya. A wasan ƙarshe na ƙungiyoyi Oregon ta haɗu da Jami'ar Texas. Tsarin shi ne mutum biyar-biyar, kowa da abokin karawarsa, ƙungiyar da ta fara samun maki 3 ta ci. Wani abin al'ajabi, babban ɗan wasan Texas, Beau Hossler, ya ji ciwo a kafaɗa a wasan kusa da na ƙarshe, bai iya fitowa ba, aka ba Oregon makinsa a ɓagas. Wasu sun ce sa'a ce. To, ko ma mene ne, sauran maki biyun ba kyauta aka ba su ba. Aka yi 2 da 2, komai ya rataya a wuyan wani yaro ɗan garin Eugene mai suna Sulman Raza. Suka gama ramuka 18 ba wanda ya ci, aka ƙara ɗaya, aka ƙara na biyu, sai a na uku, wato rami na 21, Raza ya tura ƙwallo ta faɗa. Jama'ar gari suka ɓarke da ihu suka kwararo cikin fili. Karon farko ke nan a tarihi da Oregon ta ci wannan kofi, Casey kuma ya shiga sahun 'yan ƙalilan da suka ci shi suna ɗalibai suka sake ci suna koci. Shi ma Aaron Wise bai tsaya nan ba, a 2018 ya ci gasa a babban rukunin PGA Tour, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin shiga na shekarar.

Labarin da ya fi kama ni cikin ɗalibansa shi ne na Wyndham Clark, ɗan jihar Colorado. Wannan yaro yana Jami'ar Oklahoma State mahaifiyarsa ta rasu da ciwon dajin nono a 2013, yana ɗan shekara 19. Ita ce ta fara kai shi filin golf. Bayan rasuwarta ya rikice, kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa: fushi, karya sanduna, barin fili ana tsakiyar wasa, har ya fara tunanin ajiye wasan gaba ɗaya. A 2016 ya canza sheƙa zuwa Oregon don shekararsa ta ƙarshe. Maraya mai ciwo a zuci ya faɗo hannun mutumin da ya san ciwo tun yana cikin tsumma. A wannan shekara ɗaya Clark ya farfaɗo, ya ci gasar yankinsu ta Pac-12 a 2017, ƙungiyar kuma ta sake kaiwa wasan ƙarshe na ƙasa, inda Jami'ar Oklahoma ta doke su.

Abin da aka daɗe ana gudu kuwa, ba a filin wasa ya faru ba. A watan Oktoban 2019, a ƙofar gidansa, wurin jan kwandon shara da dare, ya taka ba daidai ba a bakin titi, ƙashin ƙwaurin ya karye. Shekara 47 yana lallaɓa ƙafar nan, ta tsallake dubban mil na filayen golf, ga inda ta tsaya. Aka yi shekara biyu ana fama, an ɗaura ƙarafa, an yi dabaru iri-iri, ƙashi ya ƙi haɗewa. Ranar 15 ga Oktoba, 2021, a asibitin Mayo Clinic da ke jihar Minnesota, likitoci suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Ka ji ikon Allah, a wannan shekarar ce dai, cikin watan Fabrairu, Tiger Woods ya yi mummunan hatsarin mota kusa da Los Angeles, ƙafarsa ta dama ta ragargaje, saura ƙiris a yanke ta. Abokan karatu biyu, ƙafar dama duka, shekara ɗaya. Da Tiger ya dawo wasa yana ɗingishi, 'yan jarida suka tambaye shi a ƙarshen 2022 ko zai nemi mota, tunda Casey ya riga ya share hanya. Ya ce ba zai nema ba, ya kuma fito fili ya ce tun a wancan lokaci ma bai goyi bayan ba Casey mota ba, don shi a wurinsa takawa ɓangare ce ta wasan ƙwararru. Wato bayan shekara 21 da hukuncin Kotun Ƙoli, gardamar tana nan daram har tsakanin abokai.

Casey ya koyi tafiya da ƙafar roba yana ɗan shekara kusan 50, ya koma bakin aikinsa wurin ɗalibai. A watan Yunin 2023 aka buga US Open a Los Angeles Country Club, gasar nan da ya rasa wucewa da bugu ɗaya a 2012. Wyndham Clark ne ya lashe ta, ya doke Rory McIlroy da bugu ɗaya. Wanda ya ɗauko masa jaka a kwanakin nan huɗu kuwa shi ne John Ellis, tsohon mataimakin Casey a Oregon.